Yadda Ake Nazarin Zanen Haihuwar Yesu na Caravaggio da Ke Mesina

A gidan adana kayan tarihi na birnin Mesina, a tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, akwai wani babban zane da Michelangelo Merisi ya yi a shekarar 1609, mutumin da duniya ta fi sani da sunan garin iyayensa, Caravaggio, wanda ake furtawa Karabajo. Zanen yana nuna daren da aka haifi Yesu, wato Annabi Isa a wurin Musulmi, a daidai lokacin da makiyaya suka baro garkensu suka zo ganin jaririn, kuma yana cikin fitattun ayyukan farkon zamanin da masana tarihin zane ke kira Barok, wanda ya kankama a Roma wajen shekarar 1600. Yawancinmu a fuskar waya za mu gamu da shi, ita kuwa waya takan rage masa girma, ta dagula masa duhunsa, ta kuma sa mutum ya wuce shi da ɗan yatsa kafin ƙiftawar ido. Matakan da ke tafe hanya ce ta mayar wa zanen abin da wayar ta ƙwace masa, kuma wanda ya bi su a kan wannan zane ɗaya zai iya bin su a kan sauran zane-zanen haihuwa na wancan zamani.

Ya kamata a faɗi tun da wuri cewa wannan zane na Cocin Katolika ne, an yi shi ne domin a kafa shi a saman bagade, wato teburin ibada da ke gaban coci, kuma labarin da ya bi shi ne wanda ke cikin Linjila. Musulmi ba sa siffanta annabawa, sannan Alƙur'ani a cikin Suratu Maryam ya kawo haihuwar a wani wuri mai nisa da mutane, a gindin dabino, ba a turken dabbobi ba. Mai nazari, ko wane addini yake bi, yana bukatar ya riƙe wannan bambanci a ransa domin kada ya tsaya neman dabino a inda mai zanen bai taɓa nufin sa shi ba.

Samo hoton da shirya wurin kallo

Mataki na farko shi ne samun hoto mai inganci, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta sunan zanen da Italiyanci a wurin bincike na intanet, wato Adorazione dei pastori, a haɗa da sunan Caravaggio da Messina. Hotuna da yawa za su fito, launinsu ya sha bamban, domin wasu an ɗauke su ne tun da daɗewa, wasu kuma an ƙara musu haske a kwamfuta. Ka zaɓi mafi girma a cikinsu, sannan ka gwada shi da abu biyu. Ka buɗe ƙasan hoton ka duba ko za ka iya rarrabe sillayen busasshiyar ciyawar da ke warwatse a daɓe. Ka kuma duba saman hoton ko za ka hango katakan bango da na rufin turken. Idan saman ya fito baƙi ƙirin babu komai a ciki, hoton ya yi duhu fiye da kima. Idan kuma ya fito fari-fari kamar an yi hazo, an ƙara masa hasken da mai zanen bai sa ba, kuma irin wannan ya fi na farkon ɓarna.

In da hali, a kalle shi a kwamfuta ko a talabijin, da dare, bayan an kashe fitilar ɗaki. Kada a ƙure hasken na'urar. Ido yana bukatar 'yan mintuna kafin ya saba da duhu, kuma sai ya saba ne abubuwan da ke can ƙuryar turken za su fara bayyana.

Mayar masa da girmansa

Tsawon zanen santimita 314 ne, faɗinsa kuma santimita 211. Lamba a takarda ba ta gamsar da ido, saboda haka ka ɗauki tef na awo da alli ko gawayi, ka nemi bango mai tsawo a waje, ka shata wannan awo a jikinsa. Za ka ga ya zarce ƙofar ɗaki da fiye da mita ɗaya, kuma a gidaje da yawa ba zai tsaya a cikin ɗaki ba sai ya tokare silin. Mutanen da ke cikin zanen sun kusa kai girman mutum na gaske. Ka ja baya taku biyar ko shida daga bangon, ka tsuguna, domin haka masu ibada suke ganinsa a durƙushe a gaban bagade. Daga wannan matsayi, ɓangaren da ya fi kusa da idonka shi ne ƙasan zanen, kuma nan ne Caravaggio ya ajiye uwa da ɗanta. Wanda bai yi wannan awo ba zai ɗauka cewa an tura su ƙasa ne aka yi asarar fili a sama, alhali kuwa an sauko da su ne zuwa inda mai durƙuso yake.

Karanta labarin kafin a koma ga hoton

Sai a buɗe Linjilar Luka, sura ta 2, daga aya ta 1 zuwa ta 20, a karanta da alƙalami a hannu, a rubuta abin da nassin ya ambata: umarnin ƙidaya daga Kaisar Augustas, tafiyar Yusufu da Maryamu zuwa Baitalami, rashin samun wuri a masauki, naɗe jaririn da zane da kwantar da shi a komin dabbobi, da makiyayan da ke kwana a fili suna tsaron garkensu har mala'ika ya zo musu da albishir. Amfanin wannan jeri shi ne ya nuna abin da mai zane ya ɗauko daga nassi, da abin da ya ɗauko daga al'ada, da abin da ya bari. Sa da jaki, alal misali, ba su cikin labarin Luka ko kaɗan. Sun shigo zane-zanen haihuwa ne tun ƙarnonin farko na Kiristanci ta hanyar wata aya a littafin Ishaya, sura ta 1 aya ta 3, wadda ke cewa sa ya san mai shi, jaki kuma ya san komin ubangijinsa.

A nan ne kuma ake koyon rarrabe zane-zanen haihuwa, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke nuna iyalin kaɗai da dabbobi, wani lokaci tare da waliyyai. Akwai zuwan makiyaya, wanda ake ganewa da sanduna da tufafin talakawa, sau da yawa da ɗan rago. Akwai kuma zuwan masana taurari daga gabas, wanda ya fito daga Linjilar Matiyu sura ta 2, ana gane shi da tufafin alfarma da kyautar zinariya da lubban da mur. Attajirai da sarakuna sun fi son na ƙarshen, domin yana ba mai zane damar baje alharini da ado. Na Mesina zuwan makiyaya ne, kuma wannan zaɓi da kansa ya riga ya faɗi wani abu game da waɗanda aka yi wa aikin.

Kallo na farko, ba tare da sharhi ba

Yanzu a dawo ga hoton a zauna da shi minti biyar cur, ba a karanta bayanin kowa ba, ana ƙidaya abin da ido ya gani kawai. Mace ɗaya ce, sanye da jar riga da mayafi mai duhu, kishingiɗe a ƙasa a kan ciyawa, ta jingina da komin dabbobi. Jaririn yana ƙirjinta, ya miƙa hannu zuwa fuskarta, ita kuwa idanunta a sunkuye suke kamar na wadda gajiya ta gama da ita. A dama akwai maza huɗu, sun sunkuyo suna kallo, uku makiyaya ne, ɗaya Yusufu. Ana gane Yusufu ne da wani siririn zoben haske da ke saman kansa, irin wanda ke kan Maryamu, kuma siririn ya kai a ce sai an buɗe hoton sosai ake ganinsa. Ɗaya daga cikin makiyayan kafaɗarsa a buɗe take. A baya cikin duhu akwai jaki da sa. A gaba ta hagu akwai kwando.

Daga nan sai a ƙidaya abin da babu. Babu mala'ika ko ɗaya, babu tauraro, babu gajimare da ya buɗe, babu kango na tsohon ginin Romawa irin wanda masu zanen ƙarni na 15 ke son sakawa, babu hangen gari ko tsauni ta taga. Rubuta wannan jeri na biyu yana da muhimmanci daidai da na farkon, domin kowane abu da ke cikinsa abu ne da mutumin 1609 ya saba gani a zanen haihuwa, kuma zai ji rashinsa nan take.

Bin sawun haske

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin da haske Caravaggio yake magana. Tambayar farko ita ce daga ina hasken yake shigowa, kuma ba a amsa ta da zato, da inuwa ake amsa ta. Ka zaɓi kan mutum ɗaya ka duba wane gefe ne ya haskaka, wane ne ya nutse. Ka yi haka da kafaɗar makiyayin da ke buɗe, da ninkin jar rigar, da bakin kwandon. Duk za su nuna maka hanya ɗaya: hasken daga sama ta hagu yake saukowa, daga wani wuri da ke wajen zanen, kuma ba a nuna fitila ko taga ko wata da za a ce shi ne tushensa ba. Mutanen zamaninsa sun rubuta cewa yakan sa waɗanda yake zanawa a ɗaki mai duhu, ya bar haske ya faɗo musu daga wuri ɗaya a sama. Italiyawa suna kiran wannan wasa na haske da inuwa chiaroscuro, idan kuma duhun ya rinjayi fili har mutane suka zama kamar masu fitowa daga cikinsa, sai a ce tenebrismo.

Akwai dabaru biyu da ke taimakawa. Ta farko ita ce ka runtse ido rabi-rabi har fuskoki da tufafi su daina rarrabuwa, abin da zai rage shi ne tabo-tabo na haske a kan duhu, sai ka bi su da ɗan yatsa daga mafi haske zuwa mafi dushewa. Ta biyu ita ce ka mayar da kwafin hoton baƙi da fari a wayarka, domin jan rigar yakan ja ido ya hana shi auna haske daidai. Da zarar launi ya gushe, za ka ga cewa fili mai haske ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da girman zanen, kuma an raba shi da tsumulmula, ɗan kaɗan a goshi, ɗan kaɗan a kafaɗa, ɗan kaɗan a zanen da aka naɗe jaririn da shi.

Wanda yake son ya fahimci wannan da hannunsa, ga gwajin da zai yi a gida. Ya samu kwando ko faifai, ya ɗora burodi da farin ƙyalle da wuƙa ko guduma, ya ajiye a ƙasa a tsakiyar ɗaki, nesa da bango. Ya rufe taga ya kashe fitila, sannan ya sa wani ya riƙe tocila a sama ta hagu, ya rufe rabin bakinta da kwali domin hasken ya matse. Zai ga ninkin ƙyallen ya tashi kamar an sassaƙa shi, ɓawon burodin ya nuna kowane tsagi, bayan ɗakin kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Sai ya ce wa mai tocilar ya dawo gaba ya haska kayan kai tsaye daga inda mai kallo yake tsaye. Nan da nan komai zai baje ya zama kamar hoton fasfo. Daga ƙarshe ya ɗora tocilar a cikin kwandon kanta tana kallon sama, ya sa mutum biyu su sunkuyo a kanta, ya lura da yadda haɓa da ƙasan hanci ke haskakawa, goshi kuma ya yi duhu. Wannan hali na uku a riƙe shi, za a bukace shi a wajen kwatanci, domin shi ne hanyar da wasu masu zanen suka bi, Caravaggio kuwa ya ƙi ta.

Layuka da filin da aka bari

Ka ɗora siririyar takarda a kan hoton da aka buga, ko ka yi amfani da manhajar zane a waya, ka sa ɗigo a kan kowane kai, sannan ka haɗa ɗigon da layi. Za ka samu layi mai gangara, ya taso daga makiyayin da ya fi tsayi a dama, ya bi ta kan sauran mazan, ya sauko zuwa kan uwa da jariri. Jikin Maryamu da ke kishingiɗe ya ba da wani layin na daban a ƙasa. Idon mai kallo yana bin gangarar nan ko ya so ko bai so ba, kamar yadda ruwa ke bin kwari, kuma duk inda ya fara, a kan fuskokin nan biyu da ke manne da juna zai ƙare. Masu zanen farkon ƙarni na 16 sun fi son tsari mai daidaito, a sa muhimmin mutum a tsakiya, a jera saura dama da hagu. Layi mai gangara yana cikin alamomin da ake gane Barok da su.

Sai kuma saman zanen, inda wani babban yanki ya tafi a katako da duhu kawai. Ka rufe wannan yanki da tafin hannu ka kalli abin da ya rage, sannan ka ɗauke hannun. A ganina, idan an rufe shi zanen yakan zama taron mutane a cunkushe, idan an buɗe kuwa sai mutanen su ƙanƙance, turken ya yi musu girma, sanyin dare ya shigo. Caravaggio ya yi irin wannan a sauran ayyukansa na Sisili, wato binne Waliyyiya Lusiya da ke Sirakusa da ta da Li'azaru daga matattu da ke nan Mesina, saboda haka ba kuskuren awo ba ne, salon shekarunsa na ƙarshe ne.

Launi da yadda aka shafa fentin

Ƙidayar launuka ba ta ɗaukar lokaci a wannan zane: ja, fari, launin ƙasa daga mai haske zuwa mai duhu, da baƙi. A al'ada ana yi wa Maryamu mayafi shuɗi mai haske, kuma mafi darajar shuɗin wancan zamani daga dutsen lazuli na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, tsadarsa kuwa ta sa har a yarjejeniyar aiki ake ambatonsa. A nan irin wannan shuɗi mai ɗaukar ido bai fito ba, ja ne kaɗai aka bari ya ɗaga murya.

Fentin mai ne a kan ƙyalle. Kafin ya fara zana mutane, Caravaggio yakan shafe ƙyallen duka da shimfiɗa mai duhu, launin ƙasa mai ja-ja, kuma a shekarunsa na ƙarshe yakan bar wannan shimfiɗa a buɗe a wurare da yawa ta zame masa inuwa, ya ɗora haske kawai a inda ake bukata. Ka buɗe hoton a kan tufafin makiyayan ka nemi inda launin tufa da launin bango suka zama ɗaya ba tare da iyaka a tsakaninsu ba. Ka kuma duba ciyawar daɓe, za ka ga kowane silli jan buroshi ɗaya ne, da sauri, ba a koma an gyara ba. Abu ɗaya da ya kamata a yi hattara da shi shi ne cewa shekaru 400 suna sauya fenti: man sheƙin da ake shafawa a sama yakan yi rawaya, wurare masu duhu kuma sukan ƙara duhu. Saboda haka kada a gina dogon bayani a kan wani ɗan launi da aka gani a hoton intanet.

Kwandon da kishingiɗar uwa

Kwandon da ke gaba ta hagu yana ɗauke da burodi da ƙyalle, tare da kayan aikin kafinta, kuma yana da kyau mai nazari ya buɗe wurin ya ga guda nawa zai iya ganewa da sunansu. Ma'anarsa ta fili ita ce guzurin matafiyi da sana'ar Yusufu, wanda ya taho da abin neman abincinsa. Amma a tuna cewa zanen a saman bagade yake, inda limamin coci ke keɓe gurasa a kowace ibada, don haka ɗan Katolika da ya ga burodi a ƙasan zanen, dab da teburin bagaden, ba zai rasa haɗa su ba. Ƙa'idar da nake bi a irin wannan wuri ita ce a fara da ma'anar da abu ke da ita a rayuwar yau da kullum, sannan a ƙara ta addini idan wurin da aka kafa zanen ya goyi bayanta, a kuma tsaya a nan. Masu mayar da kowane sillin ciyawa wata alama ta asiri suna gajiyar da zanen ne kawai.

Kishingiɗar Maryamu ita ma tana da tarihi. Tun daga ƙarshen ƙarni na 14, bayan yaɗuwar wahayin da Waliyyiya Birgitta ta Suwidin ta ce ta gani, masu zane a Yammacin Turai suka koma nuna Maryamu a durƙushe gaban jaririn, shi kuma yana kwance yana fitar da haske. Kafin wannan, kuma har yau a zane-zanen cocin Girka, a kwance ake nuna ta kamar kowace mai jego. Sisili ta daɗe a ƙarƙashin tasirin Rumawan Gabas, kuma Caravaggio ya koma ga tsohuwar siffar, sai dai ya cire shimfiɗar alfarma ya bar ta a kan ciyawa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai jego a ranar farko zai gane wannan zama, da yadda take riƙe da ɗan ba tare da ta kula da baƙin da suka shigo ba.

Waɗanda aka yi wa aikin

Sai bayan an gama kallo ake neman tarihi, domin idan aka fara da shi yakan rufe ido. An yi zanen ne domin cocin 'yan zuhudun Kapucin na Mesina, kuma wani marubucin tarihin masu zanen birnin a ƙarni na 18 ya ruwaito cewa majalisar birnin ce ta biya, sukudi 1,000 a kuɗin wancan zamani. Kapucin reshe ne na mabiya Waliyyi Faransis na Asisi, sun samu amincewar Fafaroma a 1528, kuma sun ware ne domin komawa ga tsantsar talauci. Shi kansa Faransis shi ne ya shirya kwaikwayon haihuwar da komi da sa da jaki na gaske a ƙauyen Greccio a 1223. Idan aka san wannan, rashin zinariya da rashin mala'iku ya daina zama abin mamaki. A bayan wannan kuma akwai Majalisar Trent, taron shugabannin Cocin Katolika, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563 domin mayar da martani ga 'yan Furotesta, kuma a zamanta na ƙarshe ta tabbatar da halaccin hotuna a coci tare da sharaɗin su koyar da jama'a, su kuma nisanci abin da bai dace ba. Daga nan aka shiga neman zanen da wanda bai iya karatu ba zai fahimta da kallo ɗaya, ya kuma taɓa masa zuciya.

Shi mai zanen a guje yake a lokacin. Ya kashe wani mutum mai suna Ranuccio Tomassoni a Roma a watan Mayun 1606, ya tsere zuwa Napoli, daga nan Malta, inda aka naɗa shi jarumin ƙungiyar Waliyyi Yahaya a 1608, aka kulle shi bayan wani rikici, ya kuma gudu zuwa Sisili a watan Oktoba na shekarar. Ya rasu a Porto Ercole a watan Yulin 1610 yana da shekara 38. Wannan tarihi yana bayyana saurin hannun da aka gani a ciyawa da tufafi, amma ban yarda da masu cewa kowace inuwa a zanen tsoron mai laifi ce ba, domin Kapucin ɗin da suka karɓi aikin talauci suka nema, shi kuma suka samu.

Kwatanci da wasu

Mataki na ƙarshe shi ne a jera hoton kusa da wasu, a yi musu tambayoyin da aka yi masa. A fara da zuwan makiyaya na Domenico Ghirlandaio na 1485 da ke cocin Santa Trinita a Fulorans, inda rana take tsaka, komin dabbobin akwatin gawa ne na dutse irin na Romawa, ayari kuma yana gangarowa daga tudu. Wannan zai nuna nisan tafiyar da aka yi cikin shekara 124. Sai na Correggio da ke Dresden a Jamus, na wajen 1530, wanda a cikinsa hasken daga jikin jaririn yake fitowa har wata mata ta ɗaga hannu tana kare ido, wato gwajin nan na tocila a cikin kwando. Rubens ya bi wannan hanya a zanen da ya yi wa garin Fermo a 1608, shekara ɗaya kacal kafin na Mesina, da mala'iku suna shawagi a sama. Gerrit van Honthorst na Utrecht, wanda Italiyawa suka yi wa laƙabi da Gherardo na dare, shi ma haka ya yi a zanensa na 1622 da ke Kolon, inda makiyayan ke murmushi a cikin hasken da ke tasowa daga komi. Waɗannan ukun na ƙarshe suna gaya wa mai kallo cewa jaririn ba kamar sauran jarirai ba ne ta hanyar mayar da shi fitila. A Mesina hasken da ya taɓa jaririn shi ne ya taɓa kafaɗar makiyayi da ɓawon burodi.

Kwatancin da ya fi kowanne amfani shi ne da ɗayan zanen haihuwa na Caravaggio kansa, wanda ke ɗakin ibada na San Lorenzo a Palermo, mai tsawon santimita 268 da faɗin 197. A cikinsa akwai Waliyyi Lorens da Waliyyi Faransis a tsaye, Yusufu ya juya wa mai kallo baya, mala'ika kuma ya sauko daga sama da ƙyalle mai rubutun Latin. An daɗe ana cewa shi ma a 1609 aka yi shi, amma masana da dama yanzu suna mayar da shi Roma, shekarar 1600. Mai nazarin da ya bi matakan nan zai iya gwada hujjar da idonsa: ya duba ko mutanen sun cika zanen ko an bar fili a sama, ya duba ko fentin a cike yake an gyara shi tsaf ko a sirance yake da shimfiɗa a buɗe, sannan ya yanke wa kansa hukunci ko hannu ɗaya zai yi waɗannan biyun a shekara ɗaya. A hoto kaɗai za a yi wannan gwaji, domin a daren 17 zuwa 18 ga Oktoban 1969 ɓarayi suka yanke zanen Palermo daga firam ɗinsa suka tafi da shi, kuma abin da ke saman bagaden tun watan Disambar 2015 kwafi ne da aka haɗa da na'ura daga tsofaffin hotuna. Na Mesina kuwa ya tsira daga girgizar ƙasar 28 ga Disambar 1908 da ta rushe mafi yawan birnin, kuma yana rataye a gidan tarihin tare da zanen ta da Li'azaru.